Filastar da Na Yi wa Gidan Baba Liyang

Ba yabon kai ba, amma daga Ƙofar Mata har Ƙofar Ruwa ban san mai idon gini kamar ni ba. Ina kan babur zan wuce gida, in yi masa kallo ɗaya, in gaya maka daminar da zai tsage da kusurwar da za ta fara. Kakana magini ne, sorayen da ya ɗaga a cikin birni har yau wasu na tsaye. Babana ma magini ne. Ni kuwa idon na gada gaba ɗaya, hannun ne ban samu sukunin gada ba. Sati biyu kacal na yi ina ɗaukar kwano a bayan babana. Ranar da ya ba ni cokalin gini na ɗora masa katangar da ta karkace kamar mai gyangyaɗi a sahu, ya kama kunnena ya kai ni kasuwa wajen ƙaninsa mai sayar da siminti. Tun daga ranar nake kasuwa. Amma duk wanda ya zo sayen tayil a shagona sai ya sha lacca kyauta, kuma 'yan layinmu Injiniya suke ce mini. Ni na sa su, amma dai suna faɗa.

Da wannan ido na sauka Guangzhou ta ƙasar Sin, ina da shekara hamsin da 'yan kai, na zo sa odar tayil da ƙofofi. Sati uku na yi niyyar yi. Masu masana'anta suka ce kalar da nake so sai an gasa sabuwa. Aka gasa, ta fito wata kala daban, aka ce a sake. Duk ranar da na je, laoban ɗin, wato mai wurin, ya zuba mini shayi a wani kofi kamar murfin kwalba, ya yi murmushi ya ce, "Meyo." Babu ke nan. Sati uku ya doshi wata huɗu, kuma ba halin in tafi, domin wanda ya bar oda ya koma gida, abin da aka ga dama ake loda masa.

Zangona na farko wani ɗaki ne a bayan kasuwannin tufafi na Shahe. Dillali ne ya kama mini, ɗan ƙasarmu ne ma, ba zan faɗi garinsu ba don ina da surukai a can. Hoton da ya turo mini akwai taga har da labule mai fulawa. Da na shiga na ɗaga labulen, tagar tana nan kuwa, bai yi ƙarya ba. Sai dai bangon maƙwabta ne a bakinta, in na miƙa hannu zan iya ɗanɗana musu miya. Na kira shi, ya ce, "Alhaji, taga ka ce, ba ka ce iska ba." Daga nan lambarsa ta daina shiga.

Sai watan Maris ya kama. Jama'a, ban taɓa sanin gini yana gumi ba sai a garin nan. Ka tashi da safe ka ga bango yana tsiyayar ruwa, madubi yana kuka, ƙasa santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, tayil ne, irin wanda nake rantsuwa da shi a Kano, shi ne ya fi kowa gumin. Na wanke riga ranar Litinin, ranar Juma'a ta fi jiƙa. Hulata zanna ta tsiro da wani koren gashi, takalmina ma haka, har na fara tsoron in na daɗe a zaune ni ma zan tsiro da shi. Tari ya kama ni, irin wanda in na yi sau ɗaya 'yan hawa na bakwai sai sun leƙo. Wata tsohuwa mai sayar da lemo a ƙasan benen ta riƙa ajiye mini ɓawon lemo busasshe, ta nuna mini da hannu in dafa in sha. Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba, amma ita kaɗai ce ta lura ina ramewa.

Abin da na fi kewa ba tuwo ba ne, ba ma iyali ba ne, Allah ya yafe mini. Sama ce. A gidanmu mutum ya fito tsakar gida ya ɗaga kai ya ga samansa, nasa na kansa. A Shahe sai ka yi tafiyar minti goma kafin a ba ka aron 'yar tsaga.

Ina cikin wannan hali na je wajen masu kargo kusa da filin jirgin Baiyun, zan aika samfuri gida, sai na ji an daki kafaɗata.

"Kai, bawan Damagaram! Wa ya sake ka har ka zo nan?"

Na juya. Isuhu ne. Badamagare ne, abokin wasa, wanda shekara goma sha biyar da suka wuce ya sauka Kano da jakar leda ɗaya, ya kwana wata biyu a barandar shagona, ni nake saya masa ƙosai. Yanzu ga shi ya yi kumatu, fatarsa luwai-luwai, yana zuba Sinanci da ma'aikatan wurin suna ta dariya.

Na ce, "Isuhu, wace ƙasar kake kwana? Mu nan muna ruɓewa, kai kana sheƙi."

Ya ce, "Bon, ni ƙauye nike. Gidan gona. Tsohon gini ne, ba na manya irinku ba. Taho ranar Lahadi ka ci tuwo."

Na tausaya masa har cikin raina. Na ce Allah sarki, Badamagare ko Sin ka kai shi sai ya nemo bukka. Har biskit na saya zan kai masa sadaka.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ɓata a mahaɗar Tianhe sau biyu, na fito ta ƙofar da na shiga, sannan na samu layin Huadu. Daga ƙarshensa na hau bas, bas ta ajiye ni a gindin wata bishiya mai gemu har ƙasa. Isuhu yana jira da keke mai ƙafa uku. Muka bi gefen wani tafki, muka shiga lungu siriri mai daɓen dutse, iska mai sanyi tana bin lungun kamar an kunna ta. Ya tsaya ya ce, "Ga bukkar."

Biskit ɗin nan na ɓoye shi a bayana.

Gidan bulo ne gasasshe, amma ba ja irin namu ba. Launin toka ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, kamar bayan tantabara. Daga ƙasa zuwa ƙugun mutum dutse ne sassaƙaƙƙe, daga nan bulo ya ɗauka har sama. Layin da ke tsakanin bulo da bulo fari ne siriri, ka ce da zare aka ja shi. Na sa farce in ga ko zai shiga, bai shiga ba. Na rufe ido ɗaya na auna kusurwa yadda babana yake yi, na nemi karkata ko ta rantsuwa, ban samu ba. Bangayen gefe biyu sun zarce rufin sun yi sama, sun lanƙwasa kamar kunnuwan babban kasko. Na ce a raina, ashe su ma suna da zanko, sai dai nasu ya ci ya ƙoshi. Isuhu ya ce kunnuwan suna tare gobara kada ta tsallako daga maƙwabta, suna kuma karya iska ta gangaro cikin lungu.

A gefen ƙofa akwai wani allon ƙarfe da rubutunsu. Na tambaya, ya ce hukuma ce ta liƙa, gidan yana cikin gine-ginen tarihi da take kula da su, ya haura shekara ɗari da yawa. Na gyaɗa kai. Na san irin wannan kulawa. A liƙa allo, a ɗauki hoto, a tafi.

Ƙofar ma uku ce a jere: 'yar gajeriya a waje, sai wata ta sanduna a kwance da ake turawa gefe, iska ta shiga ɓarawo ya tsaya, sannan babbar ta katako. Muna shiga sai ga tsakar gida. Ƙarama ce, ba ta fi tabarma shida ba, an daɓe ta da dutse, ta ɗan zurfafa ƙasa da sauran gidan, kuma a buɗe take ta sama. Na ɗaga kai. Ga sama nan murabba'i, ta Isuhu ce shi kaɗai. Kicin a hannun dama, ɗakin kayan noma a hagu, a gaba babban falo mai dogon rufi da azara baƙa wul don tsufa, ɗaki ɗaya a gabas ɗaya a yamma. A saman falon akwai bene na katako inda ake ajiye shinkafa. Na dafa bango. A bushe. Na sake dafawa a wani wurin. A bushe, da sanyi kamar randa.

Isuhu ya ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Biyu ne, da rami a tsakiya. Numfashi shikai."

Na ce, "Na sani. Kakana ya yi irinsa." Bai yi ba.

Mai gidan, Baba Liyang, tsoho ne ɗan siriri, ya kai tamanin, haƙoransa ba su fi huɗu ba. Kakan kakansa ne ya gina gidan da kuɗin shinkafa da rake. 'Ya'yansa duk sun koma benaye a birni, shi ya ƙi. Yana kwana a wani ɗan ɗaki kusa da kicin don gwiwarsa, Isuhu yana ɗakin yamma. Na ga yadda tsohon ya dafa kafaɗar Isuhu ya sauko tsakar gida, na ga ya zuba masa shayi kafin ya zuba mini, sai kishi ya kama ni. A bayan gida kuma tsohon ya yanka masa fili. Yakuwa na gani da idona, da kuɓewa, da zogale ya fi ni tsawo. Mutumin da na saya wa ƙosai! Muka ci tuwon shinkafa miyar yakuwa, yana da daɗi, shi ya sa ma ya ƙi wuce mini. Bayan la'asar na kishingiɗa a falo, na yi barcin awa biyu ban yi tari ko ɗaya ba.

Da na farka idona ya sauka a ƙofar ɗakin gabas. A rufe take.

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa. Iska."

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Gadon katako, 'yar taga can sama mai sandunan dutse, haske yana saukowa a hankali kamar mai sallama. Na ce, "Isuhu, ka yi mini magana da tsohon nan. In na ƙara wata ɗaya a Shahe, gawata za ku aika ta Baiyun."

Ya ce, "Alhaji, ba a nan take ba. Mutum nawa suka nema ya hana, har 'yan uwansa. Shi sai ya ga yadda mutum yake da gidan. Ni wata shida ina zuwa sayen kayan miya wajensa, wata rana na ga ganye ya toshe indararo na hau na cire. Ranar ya ba ni makulli."

Indararo! Cire ganye a indararo aka ba mutum aljanna. To ina ga jikan magina?

Daga nan kowace Lahadi ina hanya. Na kai wa Baba Liyang kilishi, ya juya shi ya duba, ya nuna mini dasashinsa. Na kai masa turare ɗan Maiduguri, ya yi atishawa har ya zauna. Na kai masa hula, ya gode, sati na gaba na tarar da ita a kan tulun shayi tana tsare zafi. Shi kuwa Isuhu ba ya kawo komai. Ya share tsakar gida, ya ɗebo ruwa, su zauna su yi shiru tare, tsohon yana jin daɗi. Ni na yi ta ba da labari da hannu da ƙafa, Isuhu yana fassarawa, kuma na rantse yana rage mini gishiri, don labarin da ke kwantar da mutane a Kano sai in ga tsohon ya ce "O" kawai.

Na ce, "Kai Badamagare, fassara duka."

Ya ce, "Na fassara gaskiyar ciki. Ita ce ba ta da yawa."

Amma duk zuwan da nake yi idona yana aiki. A tsakar gida, bangon da ke gefen kicin, na lura bulon ƙasa-ƙasa ya yi wani farin gishiri, gansakuka ta kama shi, biyu-uku sun ɗan zaizaye. Kuma ga damina tana shigowa. Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san abin da ake yi wa bango kafin ruwa ya sauka: yaɓe. Ba a barin katangar dattijo tsirara. A unguwarmu in ka ga bangon tsoho ya zaizaye, ba ka tambayarsa, kunya ce ma ka tambaya. Ka kwaɓa ƙasa ka yaɓe, ya fito ya gani ya sa maka albarka. Na ce wato shekara ɗari da wani abu mutanen nan sun gina gida har sun manta ba su yi masa filasta ba, hukuma ta liƙa allo ta tafi, Badamagare yana kwana a ciki bai gani ba. Allah ya kawo Injiniya.

Damar ta zo a farkon Afrilu, lokacin da mutanen Sin suke zuwa share kaburburan kakanninsu. 'Ya'yan Baba Liyang suka zo da mota tun da safe suka ɗauke shi. Isuhu kuma yana da kaya a Baiyun. Ya ce, "Zauna ka sha iska, ka tsare mana gida, kafin la'asar mun dawo." Tsohon da kansa ya miƙo mini makullin. Na karɓa da hannu biyu, na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na ja keke mai ƙafa uku sai shagon kayan gini na bakin titi. "Ni hawo, laoban!" Gaisuwarsu ke nan. Na nuna siminti, na nuna yashi, na nuna cokali. Ya tambaye ni wani abu, ina jin ina zan kai ne, na nuna masa ƙirjina na ce, "Injiniya." Na tuɓe babbar riga, na naɗe wando. Na kankare gansakukar tas, na yayyafa ruwa, na kwaɓa siminti mai ƙarfi, ban yi masa rowa ba. Na yaɓe bangon nan faɗin tabarma biyu, daga kan dutse har ƙirjina. Ya ɗan yi tudu a tsakiya, amma tudun mai kyau ne. Kafin ya sha iska na ɗauki bakin cokali na zana masa dagi a tsakiya, babba, don in ɗan Kano ya zo bayan shekara ɗari ya san mun riga shi.

Siminti ya ragu a kwano. A kusurwar tsakar gidan akwai wani dutse mai huji huɗu kamar fure. Na daɗe ina zarginsa. A gidajenmu rariya a gindin katanga take, kana hango waje ta cikinta. Wannan kuwa a ƙasa yake, ramin ya yi ciki, baƙi ƙirin. Na ce hanyar ɓera ce, in ma ba maciji ba, ga tsoho yana yawo ba takalmi. Na ɗura masa sauran simintin, na shafe, na lailaye. Na yi wanka, na yi azahar, na zauna a falo ina shirya fuskar da zan yi in an fara godiya. Na yanke shawarar zan ce ba komai, aikin minti biyar ne.

Wajen ƙarfe biyu sama ta yi baƙi. Ruwan garin nan ba ya sallama. Rufin gidan duka huɗu ciki suke zubarwa, tsakar gida suke nufa, don a wajensu ruwa arziki ne, ba a korarsa waje. Na tsaya ina sha'awa. Sai na ga ruwan ba ya tafiya. Ya rufe daɓe. Ya hau matakala ta farko. Takalmina ya taso ya wuce ni yana juyi. A nan ne idon ginin da na gada ya buɗe, na gane dutse mai fure shi ne rariyar, ta ƙarƙashin ƙasa take bi ta zuba a tafki.

Na faɗa ruwan da cokali ina haƙa, siminti ya riga ya kama. Na koma kwasa da bokiti ina watsawa lungu, ina kwasar ɗaya sama tana zuba goma. Ruwa ya haura falo, ya shiga ƙarƙashin teburin da hotunan iyayen tsohon suke, ya nufi ɗakin Isuhu. Filastata kuma, da ruwa ya dake ta, rabi ta zame, dagin ya koma kamar gizo-gizon da mota ta taka, ruwan siminti ya bi sauran bulon yana yi masa zane. Haka suka tarar da ni, daga ni sai gajeren wando da bokiti, ruwa har ƙauri, ina salati.

Isuhu ya fara shigowa. Ya dubi bango, ya dube ni. Duk surutunsa, "Alhaji" kawai ya ce, ya ɗora hannu a ka. Baba Liyang ya shigo bayansa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan, ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan simintin, ya daɗe a haka kamar mai duba zazzaɓin yaro. Babban ɗansa ne ya yi ihun, na mutum biyar. Isuhu ya ɗauko guduma da ƙarfe ya fasa abin da na ɗura a rariya, ruwan ya ja da wani irin gurnani, ya tafi.

Washegari na gane allon ƙofa ba ado ba ne. Wata mata ta zo daga ofishin da ke kula da tsofaffin gine-gine, da na'urar ɗaukar hoto da hotunan bangon na da, bulo ɗaya-ɗaya, kowanne da lambarsa. Ashe ko ƙusa ba a bugawa sai da izininsu. Gishirin da na gani sun san da shi, suna jiran rani ne a gyara da farar ƙasa irin ta asali. Isuhu ya fassara mini bayaninta, wannan karon bai rage komai ba: farar ƙasa tana barin damshi ya fita, siminti kuwa yana kulle shi a ciki har bulo ya ruɓe. Ta tambayi wa ya ba baƙo izinin zama shi kaɗai a gidan. Ɗan tsohon ya nuna Isuhu, ya ce da shi da ni duk mu kwashe kayanmu.

Ina neman ɗaki ɗaya, zan jawo a rasa biyu. Kuma in faɗi gaskiya, tunda na ce zan faɗa, akwai wani ɗan shaiɗani a ƙirjina da ya ce, to ai shi ke nan, kowa ya koma Shahe a yi gumi tare. Na yi a'uziyya, amma sai da na ji daɗinsa na daƙiƙa biyu.

Isuhu ya miƙe ya yi magana mai tsawo, yana nuna ni yana nuna bango. Daga baya na tambaye shi me ya ce. Ya ce, "Na gaya musu a garinku haka ake girmama tsoho, wanda ya yaɓe maka bango ya ɗauke ka uba. Na ce kuma lokacin da ba ni da kowa a Kano, a ƙofarka na kwana."

Na ce, "Ka ce musu ni injiniya ne?"

"Bon, ina son a yafe maka ne, ba a ɗaure ka ba."

Baba Liyang ya ɗaga hannu, ɗansa ya yi shiru. Aka tsaya a kan Isuhu zai zauna, ni kuma zan cire abin da na liƙa, a gaban maginin da ofishin zai turo, ba da ƙarfe ba, da 'yar wuƙar gora da burushi.

Kwana tara na yi a durƙushe. Abin da na yaɓa cikin awa biyu ina waƙa. Maginin wani dattijo ne mai gilashi, ba ya magana, in na danna da ƙarfi sai ya taɓa mini wuyan hannu da sanda. Duk da haka bulo bakwai sun bar fuskarsu a jikin simintina. Ya zo da tsofaffin bulo irinsu, ya zauna yana goga ɗaya a kan dutse da ruwa, tun safe har azahar, bulo ɗaya tak. Ya kwaɓa farar ƙasarsa kamar kindirmo, ya shafa da wani abu kamar askar wanzami, ya zura bulon, ya shige kamar can aka haife shi. Ina kallon hannunsa ina tuna na babana. Har shi ma sai da na yi kishinsa. Na ce mutum ya tsufa yana abu ɗaya har hukuma ta san lambar wayarsa, ni kuwa ga ni da baki kamar rediyo.

Kullum da hantsi Baba Liyang zai kawo mini wani baƙin shayi mai ɗaci kamar maɗaci, ya tsaya sai na shanye. Na zaci horo ne. A kwana na biyar na lura tarin ya tafi. Wannan ya sa raina ya dawo. Na ce tsohon nan yana so na, ya ga na yi nadama, ya ga gwiwoyina sun kumbura a kan gidansa. In cire ganye a indararo ya ba da makulli, ina ga kwana tara a durƙushe?

Ranar da aka gama, matar ofis ta zo ta ɗauki hoto ta tafi. Na sa babbar rigata, muka zauna shan shayi a tsakar gida mu uku, sama ta wanke tas a kanmu. Na taɓa Isuhu da gwiwar hannu.

"Yi masa maganar ɗakin gabas."

"Alhaji, yau?"

"Yau. Kuma ka fassara duka, kada ka rage, kada ka ƙara. Ka ce masa yanzu na san gidan nan bulo-bulo, ba wanda ya san shi kamar ni."

Isuhu ya faɗa. Tsohon ya saurara yana gyaɗa kai. Ya cika mini kofi, kuma a karon farko ni ya fara zuba wa kafin Isuhu. Na dubi Badamagare ta wutsiyar ido don ya shaida. Sannan Baba Liyang ya yi magana a hankali, gajeriya, yana murmushi da haƙoransa huɗu. Isuhu ya sunkuyar da kai, yana danne dariya.

Na ce, "Me ya ce? Yaushe zan kawo kaya?"

Ya ce, "Ya ce kai mutumin kirki ne, duk Lahadi ka zo ka sha shayi, ƙofa a buɗe take. Amma ya ce gidan ya ga ambaliya, ya ga yaƙi, duk ya tsallake, kai kuwa wuni ɗaya aka bar ka da shi. Ba ya jin zai iya kwana da kai."